Rikici Suka Ce Mini

Ƙanena yana da al'ada guda da bai taɓa saɓawa ba tun da na zo Dubai. Duk ranar Jumma'a, idan an sauko daga masallaci a garinmu, zai yi mini filashin, wayata ta yi ƙara ta yanke, ni kuma in kira shi. Lokacin a nan la'asar ta yi sanyi. Gyaran babur yake yi a bakin kasuwa, kuma shi ke zaune da Inna a gida, shi da matarsa. Hirar tamu ba wata doguwa ba ce. Zai ce in turo masa takalmi irin na Larabawa, in ce masa ƙafarsa ta fi ƙarfin takalman Dubai, ya yi dariya ya miƙa wa Inna wayar.

A shekarar da nake magana ina tuƙi ne a wani kamfani a unguwar Al Qusais mai sayar da injinan ban ruwa. Ɗaki ɗaya muke haya ni da wani mutumin Ghana, ɗan zango mai jin Hausa, mai gadi a wani otal. Shi mutum ne mai barkwanci, ni kuwa Allah ya yi ni da saƙe-saƙen zuci. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na taɓa ta. Idan na yi alwala na tashi, sai in riƙa kokwanton ko na shafi kunne. Haka nake tun ina ƙarami.

A tsakiyar wani mako rediyo ta ce ana rikici a yankinmu. Ba ta ambaci garinmu ba, ta dai ce garuruwan kewaye. Na kira ƙanena, wayarsa a kashe. Na ce wa kaina ai haka take idan babu wuta. Na jira Jumma'a.

Jumma'a ta zo, na dawo daga masallaci na ajiye wayar a kan katifa na sa ta a gaba. La'asar ta wuce, rana ta fara ja. Wayar ba ta motsa ba.

Sai na kira Kawu, ƙanen mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Muka gaisa, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni zafi.

“Kawu, na ji an ce ana rikici.”

“An ɗan yi, amma ya lafa. Lafiya lau muke.”

“Wayar yaron nan ba ta shiga.”

“Faɗuwa ta yi a guje-guje. Ka kwantar da hankalinka.”

“Inna fa?”

“Ta shiga maƙwabta. Zan ce ka kira.”

Duk wanda ya taso a cikinmu ya san abin da ya tsaya mini a rai. Mu ba ma faɗa wa wanda yake nesa mutuwa ta waya. Ana tsoron kada ya faɗi shi kaɗai babu mai riƙe shi, ko ya shiga mota hankalinsa ba ya jikinsa. Sai a nemi wani dattijo a inda yake, a faɗa wa dattijon, shi ya zaɓi rana ya zo ya zaunar da shi. Kafin ranar, duk wanda ya kira gida “lafiya lau” zai ji. Tausayi ne ya kawo wannan al'ada, ban taɓa ganin laifinta ba. Amma ranar na gane cewa abin da Kawu zai ce idan ƙanena yana nan, shi ne kuma abin da zai ce idan ba ya nan. Babu inda zan sa kunne in bambance.

Tambaya kai tsaye kuwa, bakina ya kasa. Idan na ce “ya mutu ne?” alhali yana can yana ɗaure ƙafar babur, na yi wa ɗan'uwana mugun fata da bakina. Kuma na ƙaryata Kawu a fuskarsa, mutumin da ya yanka mini ragon suna. Na yi ta juya waɗannan biyun.

Abokin ɗakina ya shigo ya same ni riƙe da waya.

“Massa,” in ji shi, haka suke ce wa aboki a Ghana, “kai dai ko akuya ta yi atishawa a Najeriya sai ka daina cin abinci. Ba an ce maka waya ta faɗi ba? Tashi ka ci, kada ka mutu mini a ɗaki ’yan sanda su ce ni ne.”

Na yi dariyar dole, na ci. Maganarsa ta ɗan sanyaya mini rai, domin da akwai wani abu ba zai yi mini wannan tsiyar ba.

Amma da mako ya shiga sai tsiyar ta ɗauke. Mutumin da kullum muke faɗa a kan wanke tukunya, na dawo na tarar ya wanke har da kwanona. Ya sayo mini shinkafa da wake irin nasu ya ajiye, bai ce in rama ba. Idan na shigo yana waya sai ya koma Twi, yaren da ya san ba na ji.

Na je unguwar Sabkha kai wasu kaya, na biya ta shagon Alhaji. Alhaji dattijo ne Bakano mai harkar kago, wato aika kaya gida, shi ne kamar uba ga Hausawan da ke wajen. Kullum idan ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce ga sarkin tsoro nan, a ɓoye wuƙaƙe. Ranar bai ce ba. Ya tashi daga kujerarsa ya ba ni, ya sa aka kawo mini shayi, ya tambaye ni yaushe ne hutuna.

“Sai Jumma'a, Alhaji. Lafiya?”

“Lafiya ƙalau. Na daɗe ban leƙo ku ba ne, na ce in zo in ga ɗakin naku.”

Alhaji bai taɓa leƙo mu ba. Na riƙe kofin shayin har ya huce a hannuna. A hanyar komawa na yi ta kawo wa kaina dalilai: wataƙila aure zai yi mini tayi, wataƙila aiki ya samo mini, wataƙila ni ne dai da halina. Na sake kiran Kawu, ya ce lafiya lau, Inna ta kwanta.

Kafin Jumma'ar ta zo aka ba ni aikin kai wani tsoho garin Hatta, can cikin duwatsu. Masanin injinan ruwa ne da kamfani ke ɗauko shi daga Landan lokaci zuwa lokaci, ya duba gonakin da muka sa wa inji. Na sha tuƙa shi. Gajere ne mai farin gashi, yana yawo da dabino a aljihu yana ba ni. Larabci yake yi mini irin na mutanen Iraƙi, ni kuma in haɗa ɗan Larabcina na Islamiyya da na titi da guntun Turanci, mu fahimci juna. Hajji nake ce masa, kamar yadda muke ce wa duk dattijon da ke jin Larabci. Abin da ya daɗe yana damuna game da shi shi ne ban taɓa ganin ya yi salla ba. Idan na tsaya a masallacin hanya sai ya zauna a mota. Na sha tunanin ko wajibi ne in yi masa nasiha, sai in ji nauyi.

Mun bar gari da safe, muka shiga inda yashi yake ja. Wayata tana kan cinyata, ina kallonta ina kallon hanya. Sai da wata babbar mota ta danna mini ham na gane na fara shiga layinta.

“Shwaiya, shwaiya, ya ibni,” in ji tsohon. “A hankali, ɗana” ke nan, ɗana yake kirana kullum. “Ni na tsufa, amma ba a kan wannan hanyar nake so in ƙare ba. Me ke cikin wayar nan?”

Na ce akwai mushkila a garinmu.

“Wace iri?”

Na ce mutane sun yi faɗa.

“Sojoji da sojoji?”

Na ce a'a. Na faɗa masa abin da na tsinta daga rediyo da bakin mutane: an shiga unguwanni, an bi gida gida, an ƙona, an kashe wanda aka samu. Ba a tambayar abin da mutum ya yi, unguwarsa kawai ake dubawa da irin sunansa.

Sai ya ce, “Da yarenku me kuke kiran wannan?”

“Rikici.”

Ya gwada faɗin kalmar, harshensa ya karye. “Idan direbobi biyu suka yi cacar baki a kan wurin ajiye mota fa?”

“Shi ma rikici.”

“Babu wata kalmar?”

Na ce akwai. Akwai kisan gilla. Akwai kisan kiyashi, na kwatanta masa kiyashi da yatsa a kan sitiyari, yadda ake bi ta kansu da ƙafa ba a ƙirgawa. Akwai kisan ƙare dangi. Amma waɗannan a rediyo ake faɗarsu, idan ana labarin wata ƙasa mai nisa. Ban taɓa jin wani daga garinmu ya faɗe su a kan garinmu ba. Mu rikici muke cewa, sai mu ce kafin rikici, bayan rikici.

Duwatsun Hatta sun fara bayyana, baƙaƙe, babu ko ciyawa. Muka wuce masu sayar da tukwane da darduma a bakin hanya. Tsohon yana kallon waje ya ce, “Mu a Bagadaza farhud muke cewa.”

Na ce ban san kalmar ba.

“Ba za ka same ta a Islamiyya ba. Ina ƙarami aka yi, lokacin yaƙin duniya na biyu. Jama'a suka shigo unguwar Yahudawa da wuƙaƙe da sanduna. Unguwarmu.” Ya juyo ya dube ni. “Ka daɗe kana ce mini Hajji, ni kuma na bar ka don yana yi mini daɗi. Ni Bayahude ne, ya ibni. Ba kowa nake faɗa wa ba a nan.”

A inda na taso, idan aka ce wa mutum Bayahude zagi ne, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Ga shi a gefena, ƙwallon dabinonsa yana cikin aljihun rigata. Tunani iri iri ya taso mini a lokaci guda, har da na ko sallamar da nake yi masa ta halatta. Na rage gudu kawai.

Ya ci gaba kamar bai lura ba. Ya ce maƙwabcinsu Musulmi ne ya tsallakar da su ta kan soro, ya ɓoye su a ɗakin matarsa, ya zauna a ƙofar gida. Amma wan shi tsohon ya riga ya fita kiran mahaifinsu daga kasuwa. Uban ya dawo, wan bai dawo ba.

“Suka ce mini ya yi tafiya Basra wurin dangi. Ni ƙarami ne, suna tausayina. Na hana kowa kwanciya a kan shimfiɗarsa. Idan an raba alewa sai in ɓoye tasa har tururuwa ta cinye. Muka bar ƙasar ina tambaya wa zai faɗa masa inda muka koma. Babu wanda ya taɓa zaunar da ni. Da kaina na gane, ina saurayi, kuma lokacin kowa ya daɗe da gama kukansa. Ban yi kuka tare da mahaifiyata ba ko sau ɗaya.”

Ya ciro dabino ya duba, ya mayar.

“Dangin matata daga Rasha suka fito, su pogrom suke cewa. Abin da aka yi wa mutanenmu a Turai, miliyoyi, shoah muke ce masa, Turawa su ce holocaust. Masu ilimin shari'a kuma suna da tasu, genocide. Kowace da girmanta, kowace da inda aka yi ta. Kada ka yi sha'awar mutanen da suka tara sunaye da yawa na wannan abu. Amma akwai amfani guda. Idan na ce farhud, babu wanda zai zaci faɗan direbobi nake nufi.” Ya nuna wayar da ke cinyata. “Wa kake jira?”

Na faɗa masa komai: filashin ɗin Jumma'a, da Kawu, da kwanon da aka wanke mini, da kujerar Alhaji.

“Ka kira ka tambaya.”

“Na tambaya, sun ce lafiya.”

“Me ka ce?”

“Na ce yaya gida.”

“To sun ba ka amsar yaya gida. Ka ce, yana raye?”

“Ba a yi, Baba.” Hajji ta maƙale mini, Baba ce ta fito. “Kawuna ne. Kuma idan yana nan lafiya, na kira masa mutuwa da bakina.”

“Bakinka bai kai nan ba, ya ibni. Idan an yi, an riga an yi, ba kai ka yi ba. Idan ba a yi ba, kawunka zai zage ka, ka ji daɗin zagin. Mahaifiyarka suke hana ka, ka lura? Wa kake tsammani ba ta iya cewa lafiya lau?”

Wannan ce ta shige ni. Inna ba ta shiga maƙwabta, ƙafarta ba ta barinta. Kuma ba ta barcin rana.

Muka isa gonar wajen azahar. Gonar dabino ce a gindin dutse, injin yana ta bugawa, ruwa yana bin ƙananan kwatoci. Tsohon ya ce wa mai gonar su fara duba bututun can ƙarshe, suka tafi suka bar ni. Na yi alwala a bakin kwata, na yi salla, ban san me na karanta ba. Na zauna a inuwar wani dabino na danna lambar Kawu. Na kashe kafin ta shiga. Na sake dannawa.

Ya ɗauka, ya fara gaisuwa. A bayan muryarsa na ji maza da yawa suna cewa amin, amin, a hankali, irin yadda ake yi idan baƙi sun zauna a kan tabarma an shafa. Da safe ne a can, ranar aiki. Babu abin da zai tara maza a ƙofar gidanmu a wannan lokacin sai abu ɗaya. Duk da haka sai da na tambaya.

“Kawu, ka gafarce ni. Yana raye?”

Injin yana bugawa. Na ji numfashin Kawu.

“Wa ya faɗa maka?”

“Babu wanda ya faɗa mini.”

“Mun ce Alhaji ya zaunar da kai ranar hutunka. Kai da tuƙi, kai da halinka...” Muryarsa ta karye. “Sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa a rikicin nan.”

“Kashe shi aka yi?”

Ya ce, “Kashe shi aka yi. A ƙofar rumfarsa. Ba shi kaɗai ba, layin masu gyara duka. Tare muka binne su.”

Na yi salati, na maimaita, ban san sau nawa ba. Sai na ji hayaniya a wayar, wata murya tana cewa a ba ta, a ba ta. Inna ce.

“Tun ranar nake cewa su ba ni kai,” in ji ta. “Suka ce zan yi kuka ka gane. To ga ni ina yi.”

Muka yi tare. Ba mu yi wata magana mai tsawo ba. Ta ce da safen ya sha kunu ya ce a ajiye masa sauran. Ta ce matarsa tana nan kusa da ita. Ta ce in ci abinci. Ni dai ina ta cewa Inna, Inna, kamar yaro, har katin ya ƙare.

Ban ji dawowar tsohon ba. Na ɗago na gan shi ya zauna a ƙasa kusa da ni, a kan turɓaya, da wandonsa mai guga. Bai tambaye ni ba, bai ce komai ba. Daga baya ya faɗa mini haka suke yi, mai ta'aziyya ba ya magana sai wanda aka yi wa rashi ya fara. Muka zauna ruwa yana wucewa ta gabanmu.

Ni na fara. Na so in yi masa ta'aziyyar wansa, ko da ta makara da shekaru masu yawa. Addu'ar da muka saba yi wa mamaci ta zo bakina, na tsaya ina kokwanton ko ta halatta a nan, domin halina bai bar ni ba ko a ranar. Sai na ce masa Allah ya ba shi haƙurin rashin wansa. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Kai ma, ya ibni.” Ya karɓi makullin motar daga hannuna, shi ya tuƙo mu har Al Qusais, a hankali, motoci suna ta wuce mu.

Ranar Jumma'a Alhaji ya zo kamar yadda ya ce, da farar riga, abokin ɗakina yana biye da shi kansa a ƙasa. Na riga na faɗa wa abokin nawa na sani, amma ya kasa faɗa wa Alhaji. Dattijon ya zauna a bakin katifa, ya gyara murya, ya fara kewaye-kewayen da ake yi, yana maganar haƙuri da ƙaddara. Na bar shi ya kai ƙarshe, domin ya taso tun daga Sabkha da wannan nauyi a ƙirjinsa. Da ya ce Allah ya yi wa ƙanena rasuwa a rikicin da aka yi, na ce na gode, Alhaji, na yi magana da Inna, kashe shi aka yi, shi da duk layinsu. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce haka ne. Muka shafa fatiha.

La'asar ta yi sanyi muna zaune. Na lura na ajiye wayar a kan katifa, a gabana, inda na saba ajiye ta. Abokin ɗakina ma ya lura. Ya miƙa hannu zai ɗauke ta, na ce ya bari, na ɗauka na kira Inna.